Zakaran da Ya Ƙi Nutsewa a Kongolam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a ƙasa a bayan garin Kongolam ba, rana tsaka, wayoyi uku jere a gabana kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo, mutane sun yi mini zobe. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in ɗauko muku labarin daga tushe, kada ku ma ku yanke mini irin hukuncin da aka kusa yanke mini a ranar.

Sana'ata gwajin gem ne. Eh, gem ɗin waya, irin wanda kuke ƙwace waya daga hannun yara saboda shi. Wani ƙaramin kamfani ne a Legas ya ɗauke ni. Ina zaune a ɗakina a Daura za su turo mini wasa, ni kuma in yi ta ƙwaƙularsa har sai na gano inda yake da tangarɗa. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Kai, ka more, kana wasa ana biyanka." To ba haka abin yake ba. Mai wasa yana yi ne don ya ci, ni kuwa ina yi ne don in ɓata. Sai in wuni ina tura ɗan mutum-mutumi guda yana gwara kai da bango guda, ko Allah zai sa ya ratsa ta ciki. In ya ratsa in yi murna, in ɗauki bidiyo, in bayyana yadda aka yi dalla-dalla don masu gyara su iya maimaitawa a wurinsu. In bai ratsa ba in sake. (Innata ta taɓa leƙowa ta tarar da ni cikin wannan hidima. Ta daɗe tsaye tana kallo, sannan ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ja mini ƙofa a hankali.) Shi ya sa idan aka tambaye ni aikina a cikin dangi sai in gyara murya in ce "harkar kwamfuta," in yi maza in tambayi lafiyar yara.

Kada kuma ku ɗauka don tsabar ƙwarewa aka ɗauke ni. Shugabar sashenmu, wata mata da ba ta iya kwana-kwana ba, ta faɗa mini tun ranar farko cewa suna neman wanda yake zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mai riƙe da ƙananan wayoyi irin na talakawa. Wato abin da muke tsine wa safe da yamma shi ya sama mini abin yi.

Wasan da muke kansa a lokacin na wani zakara ne mai ƙaton tumbi. Yana tsere da zakarun wasu mutane da ke wasu garuruwa, yana tsintar tsaba a hanya, wani kiɗa na tashi irin na abin wasan jarirai. Sai ƙorafi ya riƙa zuwa daga masu wasa da ke zaune kusa da iyakokin ƙasashe, wai ana cikin tsere sai zakara ya nutse cikin ƙasa har wuya, ya kama cara ba ƙaƙƙautawa, sai an kashe wayar gaba ɗaya. A Legas an yi an yi, abin ya ƙi faruwa a gaban kowa. Aka fara zargin ko yana faruwa ne lokacin da waya ta saki sabis ɗin wata ƙasa ta kama na wata. Shugabar ta kira ni ta ce, ba kusa da Nijar nake ba? Na ce mata ai mu da Nijar ta kan katanga muke miƙa wa juna gishiri, ta bar mini komai kawai. Bakina ne ya kai ni.

Yanzu sai in gabatar muku da Habu.

Habu ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma a Kongolam yake zaune. Wanda yake da taubashi ya san abin da nake nufi, wanda ba shi da shi ya gode wa Allah. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. "Ɗan Goggo" ne in ya tashi da mutunci, "bawana" in ya ga jama'a. In muka haɗu a tasha sai ya ɗaga murya ya ce wa fasinjoji, "Kowa ya riƙe aljihunsa, ɓarawon gidanmu ya iso." A wajen wani biki ya taɓa sa aka caje ni, wai na ɓoye cinyar kaza (abin haushin shi ne an samu). Al'ada ta ba shi wannan dama, ba mai hana shi. Ni ma ina da damar ramawa, sai dai Allah bai ba ni baki irin nasa ba. Ranar da ya ji ƙishin-ƙishin cewa aikina ya shafi gem, a wajen sunan ɗan yayata, sai da ya sa maroƙi ya yi mini kirari da Sarkin Wasan Yara, ana ta liƙa wa maroƙin.

Dillalin dabbobi ne. Ba shi da garke, ba shi da shago, jarinsa duka maganarsa ce. Makiyayi zai taso daga can cikin Nijar ya damƙa masa igiyar bijimai ya tafi sha'aninsa. Mahauci daga Daura zai kora rago a kan kalmarsa kawai. Ranar kasuwar Mai'adua in kana nemansa sai ka jira layi ya zo kanka. Yadda mutumin da ba ya iya shan ruwa bai zolayi mai randa ba ya zama wanda in ya ce "na tsaya" ake sakin igiya, ni dai ban taɓa ganewa ba, kuma gaskiya ban taɓa zama na yi tunanin abin ba.

Abin da hankali ya ce shi ne in na isa Kongolam in fara sauka wurinsa, mu gaisa, in faɗa masa abin da ya kawo ni. Amma na hango kaina ina yi masa bayanin na zo neman zakaran da ke nutsewa, na hango fuskarsa, sai na ji ba zan iya ba. Da ɗan acaɓa ya zo wucewa da ni ta gaban rumfar da yake zama, na kau da kai ina ƙare wa gonar mutane kallo kamar mai shirin saye.

Na samu wurin da nake so a wani burtali da ke bayan gari, hanyar da shanu ke bi, tsakanin wata kuka da wata tsohuwar rijiya. A gindin kukar waya tana Najeriya, kafin ka kai rijiyar ta koma Nijar da kanta. Na riƙe waya a kowane hannu, na rataye ta ukun a ƙirji tana ɗaukar bidiyo, na toshe kunnuwa da iyafis, na shiga aiki. In tafi rijiya, in dawo kuka. In tafi da sauri, in dawo a hankali. In ɗaga waya sama, in tsuguna, in tsaya cak in juya. Duk ina yi ina magana da Turanci don bidiyon ya ɗauka, kamar yadda aka koya mana: ga inda nake, ga abin da na danna, ga abin da ya faru. Abin da ya faru kuwa shi ne babu. Zakara lafiya lau yake tserensa, tun hantsi har rana ta take tsaka.

Abin da ban sani ba shi ne, ba da daɗewa ba aka kore wa wata ruga da ke kusa shanu, kuma kowa a garin ya yarda sai da wani baƙo mai waya ya zo ya gama leƙen hanya kafin ɓarayin su zo. Ban kuma san wasu mata masu tallar nono sun wuce sun yi mini sannu ban amsa ba, tunda kunnuwana a toshe suke, sun waiwayo sun gan ni tsugune ina nuna wa hanyar shanu waya. Ku sa kanku a matsayinsu. Ko ni ne da gudu zan kai labari.

Ban ji zuwan kowa ba. Sai dai na ji an riƙe mini gwiwar hannu ta baya, an zare iyafis ɗin, duniya ta dawo mini da hayaniyarta gaba ɗaya. 'Yan sintirin gari ne da gorori, bayansu kuma mutane na ta ɓullowa ta cikin gonaki. Kafin in haɗa kalma biyu an zaunar da ni a gindin kukar, an jera wayoyina a gabana.

Shugabansu wani siririn dattijo ne da ake kira Baba Ilu, mai farin gemu da idanun da ba sa ƙiftawa da wuri. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Samari, daga ina?"

"Daga Daura, Baba."

"Wurin wa ka zo?"

Ga tambaya mai sauƙi, amsarta tana zaune a rumfa ba nisa. Amma girman kai bai gama sakina ba. Na ce, "Ba wurin kowa ba, Baba, aiki na zo yi."

Sai na ji wani gunaguni ya zagaya wurin. A garuruwan nan baƙo wurin wani yake zuwa, ko da kuwa mai shayi ne. Ni ɗan ƙasar ne, na san haka sarai, amma bakina ya riga ya yi aikinsa.

"Wane aiki ne ake yi wa hanyar shanu hoto?"

Na fara bayani. Jama'a, ban taɓa sanin aikina ba ya faɗuwa a gaban dattawa ba sai ranar. Na ce kamfani, na ce Legas, na ce sabis. Na ce akwai wani zakara. "Zakaran wa?" in ji wani. Na ce ba na kowa ba ne, na cikin waya ne, so nake ya nutse. Wani saurayi mai jan rawani ya ce a daina ɓata lokaci da ni, infoma ne, da Turanci nake ba su labari, shi da kunnensa ya ji. Wani ya ce a kawo igiya. Wani daga baya ya jefo hoge ya fashe a kafaɗata. A nan girman kai ya yi sallama da ni.

"Habu!" na ce. "Habu dillali! Ɗan kawuna ne!"

Baba Ilu ya daɗe yana dubana. "Yanzu ka ce ba wurin kowa ka zo ba." Ya juya ya ce a hau babur a kira Habu.

Sai bayan babur ɗin ya tashi wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na gora. Na san Habu. Na san abin da bakinsa yake yi da kansa in ya gan ni cikin jama'a, tun kafin tunaninsa ya farka. Ga ni zaune a ƙasa, ƙura a kai, an kewaye ni ana ce mini ɗan leƙen ɓarayi. Tun da aka haife shi bai taɓa samun dama irin wannan ba. In ya sauko ya ce, "Au, kun kama shi? Ai mun daɗe muna nemansa," kamar yadda ya saba, kafin ya kai ga dariyar an gama da ni. A tasha kowa ya san wasa ne. Nan kuwa mutane ne da aka kore wa shanu, ba wanda ya zo da dariya a aljihu.

Ya iso rigarsa duk gashin dabba, da guntun igiya a hannu, alamar daga tsakiyar ciniki aka tsamo shi. Ya tsaya ya dube ni. Wallahi na ga maganar ta taso masa. Na ga gefen bakinsa ya motsa, na ga idonsa ya yi wannan ƙyallin da na sani tun muna yara. Na runtse ido.

Amma maganar ba ta fito ba. Da na buɗe, Habu ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban Baba Ilu yana gaishe shi. Ba gaisuwar sauri ba. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar da ke ciwo, ya aka ji da wannan tashin hankali na shanu, Allah ya tona asirin waɗanda suka yi. Ya juya ya gaida masu gorori ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, har saurayin nan mai jan rawani, ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Ina zaune ina cewa a raina, bawan Allah, ana shirin gamawa da ni kai kana tambayar ƙafa! Sai daga baya na lura cewa kafin ya gama gaisuwar, gororin da ke sama duk sun sauko ƙasa an dogara da su.

"Habu, ka san wannan?" in ji Baba Ilu.

"Na san shi, Baba. Ɗan Goggota ne ta Daura. A kwano ɗaya muka ci tuwo." Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba gishiri ba yaji. "Ni na tsaya masa."

"Ya ce ba wurin kowa ya zo ba."

"Wauta ce, Baba, ba mugunta ba. Kuma laifin nawa ne. Ni nake takura masa da wasa har yake gudun gidana."

Wannan magana ta fi hogen nan zafi. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa.

"To ka san abin da yake yi da wayoyin nan?"

"Ban sani ba," in ji Habu, kai tsaye. "Amma in ya ce aiki yake, aiki yake. In ta tabbata ƙarya ya yi, daga yau kada wanda ya sake ba ni igiyar ko akuya, daga nan har Mai'adua. Ga jama'a shaida."

Rabin mutanen da ke tsaye masu ba shi igiya ne, sun san abin da ya ajiye a gabansu. Ba shi da gonar kirki, ba shi da wata sana'a, ga mata da yara a gida. Abin da ya kwashe shekaru yana tarawa ya ɗauka ya ɗora a kan zakara mai tumbi.

Baba Ilu ya gyaɗa kai. "To magana ta yi sauƙi. Ya ce akwai abin da ke nutsewa. Ya tashi ya nutsar da shi mu gani."

Na so in ce ba haka ake yi ba. Na so in ce tun safe nake nema ban gani ba, a Legas ma an nema an rasa, wataƙila ma babu shi sam. Na dubi Habu, ya yi mini alama da kai, wato tashi mana. Na tashi.

Aka ce ba maganar abin kunne, in ƙure murya kowa ya ji. Haka kiɗan jariran nan ya tashi a burtalin. Ni a gaba, da gemuna da diflomata, ina danna waya zakara yana tsalle. Baba Ilu a dama yana leƙe, Habu a hagu, bayanmu kuma rabin gari, har da masu tallar nonon da suka kai labarina. Muka tafi rijiya. Muka dawo kuka. Zakara ya tsinci tsabarsa tsaf, ya ma zo na ɗaya, abin da bai yi ba tun safe. Waya ta yi tafi, furanni suka zubo a fuskarta.

"Ya nutse?" in ji wani daga baya.

"A'a, wai ci ya yi."

"To ba nutsewa aka ce ba?"

Muka sake. Muka kuma sakewa. Ban taɓa roƙon Allah da zuciya ɗaya irin na ranar ba, kuma abin da nake roƙo shi ne ya lalata aikin kamfanin da nake ci a ƙarƙashinsa. Zufa ta jiƙa mini riga, yatsana yana santsi a kan gilashi. Gunagunin nan ya fara dawowa. Na hango wani dogon Bafulatani ya ƙaraso ya tsaya gefe, sanda a kafaɗa. Ba ni yake kallo ba, Habu yake kallo. Shi ne mai bijiman da Habu ya baro a tsakiyar ciniki, ya biyo sawu ya ga irin mutumin da ya damƙa wa dukiyarsa. Habu ma ya gan shi. Bai rage tafiya ba, bai matsa daga gefena ba. Sai dai ya ɗan sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗan Goggo, kwantar da hankalinka. Yi yadda ka saba. Ba inda za mu."

Ni da na san yadda na saba ɗin bai haifar da komai ba tun safe, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, har zakaran ya koma biyu.

Baba Ilu ne haƙurinsa ya fara ƙarewa. Muna tsakiyar hanya ya miƙo hannu. "Kawo nan. Ko akwai abin da kake rufewa da yatsa." Ya karɓi wayar muna ci gaba da tafiya. Rana ta haske masa gilashin, sai ya karkata ta a gicciye don ya gani da kyau, daidai inda sabis ke sauyawa. Hoton ya juya. Zakara ya yi tsalle, ya dira, ya wuce cikin ƙasa har wuya. Ya buɗe baki ya kama cara, cara, cara, ba numfashi.

Dattijon nan da gari ke shakka ya miƙar da hannu nesa da jikinsa kamar ya riƙo kunama. "Wallahi ban taɓa komai ba! Kowa ya gani, ban taɓa komai ba!"

Ni kuwa a nan ne hankalina ya bar jikina. Na ƙwalla wani ihu da ban san ina da shi ba. "Allahu akbar! Ya lalace! Ya lalace!" Na daka tsalle, na rungume Baba Ilu, na ɗaga shi sama (ba shi da nauyi ko kaɗan), hularsa ta faɗi. Na dire shi na riƙe kafaɗunsa ina girgizawa. "Baba, me ka yi? Juya ta ka yi? A daidai ina? Tsaya, kar ka motsa! A'a, koma baya! Koma kuka ka sake tahowa, yadda ka yi ɗazu sak, kar ka canza komai!" Na saita shi da wayar bidiyo, na shiga zuba Turanci. Sai da na kai tsakiyar magana sannan na ji abin da nake yi. Mutumin da ɗazu ake neman igiyar ɗaure shi, shi ne yake ba shugaban sintiri umarni, kan dattijo ba hula, a gaban yaransa.

Ba wanda ya motsa, sai zakara ke ta cara. Can saurayin nan mai jan rawani, shi da kansa, ya ce, "Baba, wannan ba infoma ba ne. Taɓin hankali ne kawai." Ɗaya daga cikin masu nono ta tuntsire, shi ke nan wuri ya ɓarke. Har da masu riƙe ciki, har da masu zama a ƙasa. An wanke ni, jama'a, amma da hujjar hauka.

Baba Ilu ya karɓi hularsa, ya kaɗe, ya mayar. Na jira mari, kuma da ya yi ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ce in gyara abin ya sake gwadawa, tunda an ce aiki ne, kada a bar shi rabi. Na kashe wayar na kunna. Ya koma kuka ya taho a natse, ya karkata ta, zakara ya sake nutsewa. Jama'a suka yi ihu kamar an ci ƙwallo. Ya miƙo mini ya ce, "Ga abinka. Gobe in ka zo gari, ka zo wurin wani." Ya juya ga Habu ya ce, "Maganarka tana nan inda take." Dogon Bafulatanin ya juya ya nufi gari, kuma a rumfar Habu aka same shi zaune yana jira, bai ba kowa igiyarsa ba.

Habu ya ce in hau bayan babur ɗinsa. Duk dariyar nan da aka sha ban ga haƙorinsa ba. Muka bar wurin, muka sha kwana bayan wasu gidaje inda ba mai ganinmu, sai ya tsaya a inuwar wani bedi, ya sauka ya zauna a kan saiwa. Ya ciro goro daga aljihu zai ɓare, ya kasa. Ya mayar da shi aljihu.

"Da bai nutse ba fa?" na tambaye shi.

"Da na koma dako a tasha."

"Amma ka ce ba ka san aikin ba."

"Har yanzu ban san shi ba. Na gani da idona, kuma ban gane ba."

"To me ya sa ka ɗora sunanka a kai?"

Ya ja dogon numfashi, ya goge fuska da hula, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Infoma sai mai zuciya," in ji shi. "Kai da tunkiya ta taɓa kora har ƙarƙashin gadon Goggo kana ihu? Wane ɓarawon ne zai ɗauke ka aiki?"

Sannan ya saki dariyar da ya haɗiye tun saukowarsa daga babur. Ya yi ta har ya kwanta a ƙasa, ya yi ta har da hawaye. Ni ma ina tsaye ina taya shi, sai dai nawa hawayen ba duka na dariya ba ne.

Rahoto ya tafi Legas, an gyara zakara, shugabar ta yaba mini, ta kuma tambayi wane ne dattijon cikin bidiyon mai natsuwa haka. Labarin kuwa kafin la'asar ya kai Zango, da ƙarin da ban san inda aka samo shi ba. A wata ruwayar har goya Baba Ilu na yi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na daɗe ina ɗauka mai yawan wasa ba shi da nauyi. Aikina kullum shi ne in matsa wa abu har in ga inda zai karye, kuma ranar na matsa wa Habu iyakar matsawa, ba da niyya ba, ban samu inda ya karye ba. Yanzu duk garin da aiki ya kai ni, sai na fara sauka gidan dangi, in zauna, in faɗi abin da ya kawo ni da bakina, in bari a yi mini dariya har a ƙoshi. Na ɗanɗana iri biyun, ta cikin zaure ta fi sauƙi, kuma ana haɗawa da fura.